Matacciyar waya, mataccen batir: yadda za a rabu da tsofaffin kayan lantarki ba tare da an cutar da kowa ba

Da wuya ka shiga gida a Kano, Kaduna ko Maraɗi ka rasa lungun da aka jibge matattun kayan wuta. Ga waya mai tsagaggen gilashi, ga caja uku da suka daina aiki, ga tocila mai caji da rediyon da tun rasuwar mai shi ba a sake kunnawa ba, sannan a bayan ɗaki ga batirin sola guda biyu an mayar da su wurin ɗora kwanuka. Haka za su zauna har ranar da aka jiyo muryar baban bola a bakin layi. Sai a tura yaro ya kwaso, a karɓi 'yan canji ko robar wanki, a ce an rage tarkace.

An rage a gidan, gaskiya ne. Amma inda kayan za su kwana ba shi da nisa da inda suka fito: filin bayan unguwa ne, ko gefen kududdufi, ko wani kango da yara ke buga ƙwallo a gabansa. Can za a fasa na fasawa, a ƙona na ƙonawa, iska ta dawo mana da sauran.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, yawancin kayan lantarki ba sa cutar da kowa matuƙar suna nan a rufe yadda aka ƙera su. Abu uku ne ke sakin gubar da ke cikinsu: wuta, guduma da ruwa. Duk matakan da ke tafe dabaru ne na raba kayan da waɗannan ukun har su isa hannun wanda ya san kansu.

Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya ce a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma kashi 22 cikin ɗari ne kacal aka san an tattara an sarrafa yadda ya kamata. A Afirka abin bai kai kashi ɗaya ba. Ke nan kada mu yaudari kanmu da jiran motar hukuma a ƙofar gida. Waɗanda muke da su a ƙasa su ne mai gyara, dillali da ɗan jari bola, kuma da su za a yi aikin.

Mataki na farko: tabbatar ya mutu

Kaya da yawa da muke kira kwandam suma kawai suka yi. Wayar da ta ƙi caji, sau da yawa ƙurar hunturu ce ta toshe bakin cajin. Fankar da ke gurnani ba ta juyawa, ɗan kafasito ne ya gaji. Talabijin mai sauti babu hoto, galibi fitilun bayan allon ne suka ƙone. Allah ya hore mana masu gyara irin waɗanda ƙasashen Turai suka rasa: Farm Centre da titin Beirut a Kano, Panteka a Kaduna, kasuwar Katako a Yamai. Kai musu su duba kafin ka yanke hukunci. Ni ma'aunina shi ne, in kuɗin gyara bai kai rabin kuɗin sabo ba, a gyara. In kuwa mai gyara ya ce babu rai, to shi ne ma ya fi cancanta ka sayar wa, domin zai ciri gilashi, sifika da murfi ya tayar da wata na'urar da su.

A wajen saye ma ake fara tara shara. Wani bincike da aka yi a tashoshin jiragen ruwa na Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da kimanin tan 60,000 na kayan lantarki na hannu a shekara, akasari daga tashoshin Turai, da yawa an cusa su cikin tsofaffin motoci, kuma aƙalla tan 15,000 daga ciki matattu ne tun kafin su sauka. Saboda haka duk abin hannun da mai shago ya ƙi kunna maka a gabanka, bar masa kayansa. Haka cajar nan ta bakin titi da ke mutuwa bayan mako uku, tana kuma lalata batirin wayar kafin ta mutu. Araha ba ta ado. Ka kuma saba cire kaya daga soket in an ɗauke wuta, domin dawowarta da ƙarfi tana yawan kashe firji da talabijin.

Mataki na biyu: rarraba

Zaɓi rana ɗaya, shimfiɗa buhu a inuwa, a fito da komai. Yara su koma gefe. Ware mai aiki wanda ka daina so. Wannan kyauta ce ga ɗan'uwa ko ɗalibi. Ware mai gyaruwa. Ware mataccen da ba shi da hatsari sosai, irin su fanka, dutsen guga, caja, wayoyin wuta, rimot da rediyo. Kashi na huɗu shi ne na a-yi-hattara: kowane irin batir, dogon ƙwan fitila, tsohuwar talabijin mai tudun baya, firji da na'urar sanyaya ɗaki. Duk abin da batirinsa ke fita cikin sauƙi, cire shi ka sa a kashi na huɗu. Wanda batirinsa ke manne a ciki, kamar wayoyin yanzu, kada ka ɓanɓare da wuƙa, bar shi yadda yake.

Kwali ko buhu ya isa wurin ajiya, in dai ruwan sama ba ya taɓa shi, rana ba ta dukansa, kuma hannun yaro ba ya kaiwa.

Mataki na uku: kwashe sirrinka

Wayar yau ta fi aljihu ɗaukar dukiya. Layinka a haɗe yake da lambar NIN da asusun banki, kuma wanda ya sami layin yana iya gwada cirar kuɗi da lambobin da ake dannawa ko da babu intanet. Don haka kafin waya ta bar hannunka, cire layi da memori. Kwafe hotuna da lambobi zuwa sabuwar waya. Fita daga manhajojin banki, WhatsApp da Facebook. Cire asusun Google ko na Apple daga cikinta, sannan ka mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Cire asusun nan yana da amfani biyu: yana kare ka, yana kuma ba wanda ya saya damar amfani da ita, don wayar da ta kulle da asusun tsohon mai ita sau da yawa a bola take ƙarewa alhali lafiyarta ƙalau.

In gilashin ya mutu ba ka ganin komai, kada ka ɗauka abin da ke ciki ya mutu tare da shi. Sa mai gyara ya jona mata wani gilashin na ɗan lokaci, a goge a gabanka. Mata su fi kula da wannan, domin an sha tozarta mutane da hotunan da aka tono daga wayar da suka sayar. Kwamfuta kuwa, a sa masani ya goge had-dis ɗinta, wato ma'ajiyar bayananta, gaba ɗaya, ko a cire shi ka riƙe, a sayar da sauran.

Mataki na huɗu: batir, inda babbar matsalar take

A nan zan daɗe, don a nan ne rai ke salwanta.

Tun da wutar NEPA ta zama sai an ga dama, man janareta kuma ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, sola da inbata sun cika gidaje, shaguna da masallatai. Kowannensu da batir yake tafe, batirin kuma 'yan shekaru yake yi ya gaji. Babba mai amfiya 200 yakan kai kilo 60. Fiye da rabin nauyin nan dalma ce, sauran roba ce da ruwan batir mai cin fata da tufafi. Na mota, na babur da na A Daidaita Sahu duk danginsa ne.

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, a 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje gubar ta fito. Amma jikin yaro ba ya tambayar daga ina dalma ta zo. A Thiaroye-sur-Mer da ke wajen Dakar a Senegal, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, a unguwar da aka daɗe ana fasa batirin mota. Mutanen wurin sun riƙa kwaso ƙasar filin suna kawowa gida su tankaɗe don su sami ɓurɓushin dalma su sayar. Neman abinci suka fita, ba su san me suke shigo da shi ɗaki ba.

Ga yadda za ka yi da naka. Ajiye shi a tsaye, kada ya kwanta ko ya karkace. Ɗora shi a kan katako ko cikin tsohuwar robar wanki, a inuwa, nesa da ɗakin kwana, madafa da rijiya. Kada ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu, domin ko ya gaji yana iya tartsatsi. Kada kuma ka tsiyaye ruwansa. Wasu masu saye za su ce ka zubar da ruwan tukuna don a auna nauyin dalmar kawai, ka ƙi. Ruwan nan ɗauke yake da dalma, in ya shiga kwata ya tafi kududdufi, in ya shiga ƙasa ya zauna shekara da shekaru. Ko za a rage maka kuɗi, sayar da shi cikakke a rufe.

Hanya mafi sauƙi ita ce musanya: ranar da za ka sayi sabo, tafi da tsohon, mai shago ya rage maka farashi. Dillalan batir suna tarawa su tura masana'antun narkarwa a mota guda, wannan kuwa ya fi a sassare shi da gatari a bayan gidanka. Ba na cewa duk masana'antun suna da tsafta. Mutanen Ogijo a jihar Ogun sun daɗe suna kokawa da hayaƙin masu narka batir a garinsu, gwajin jini kuma ya tabbatar da kukansu. Wannan aikin hukuma ne ta tsawatar. Naka shi ne batirin ya bar hannunka ba a fasa ba.

In ruwan ya zube a ƙasa, sa safar hannu ta roba, barbaɗa garin kanwa ko bekin soda (baking soda) har ya daina kumfa, kwashe da ƙasar wurin ka ɗaure a leda mai kauri. In ya taɓa fata ko ido, ruwa zalla za a yi ta kwarara na aƙalla minti 15, ban da kanwa, ban da man shafawa, sannan a tafi asibiti.

Kada a ba maƙeri dalmar batir ko tarkacen cikin na'ura ya haɗa da abin da zai zuba tukunya. Binciken da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarfe suna sakin dalma cikin abinci, irin tukwanen nan kuwa su ne a madafan gidajenmu.

Tsawaita ran batirin ma rage guba ne. Kada a riƙa shanye shi ƙaf kowane dare. Rabi ya isa a bar shi ya sake cika. Mai buƙatar ƙarin ruwa a ba shi tataccen ruwan da ake sayarwa don batir, ban da na rijiya ko na leda. A ajiye shi inda iska ke shiga, domin zafi na cin ransa, shi kuma yana fitar da iskar da ke kama wuta lokacin caji.

Batirin waya, na laftof da na fawa bank wani iri ne daban, ana ce masa litiyam. Hatsarinsa gobara ce. In ka ga bayan waya ya ɗago ko gilashi ya fara rabuwa da jikinta, batirin ya kumbura. Daina caji nan take. Kada a huda shi da allura don iska ta fita, kada a danne shi da dutse don ya koma daidai. Na ga ana yin duka biyun, kuma duka biyun na iya tayar da wuta a hannun mutum. Manna salatif a kan bakin ƙarfensa, sa shi cikin gwangwani mai yashi, ajiye a waje cikin inuwa. Kada a bar shi a mota a rufe, balle a watan Afrilu da zafi ke wuce 40. In ya kama da wuta, fitar da mutane saboda hayaƙin, cire soket in yana jone, sannan a kwarara masa ruwa mai yawa ko a rufe shi da yashi daga nesa.

Sai ɗan ƙaramin nan mai kama da maɓalli, na agogo, makullin mota da kayan wasan yara. Ƙanƙantarsa ce hatsarinsa. In yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin awa biyu yana iya ƙona naman wurin. Ba a sa yaron amai, ba a jira a ga ko zai fita a bayan gida. Asibiti kai tsaye. In yaron ya wuce shekara ɗaya kuma yana iya haɗiya, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanya, tana rage ɓarnar. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma.

Batirin tocila da rediyo na yau da kullum ya fi sauran sauƙi, amma shi ma a tara a gwangwani, kada a jefa a murhu ko masai. Muna firamare da baƙin garin cikinsa muke shafe allon aji, hannu duk baƙi, mu je mu ci ƙosai a haka. Malaman da har yanzu ke sa yara wannan aiki, don Allah a koma wa gawayi ko fenti.

Mataki na biyar: ƙwan fitila, tsohuwar talabijin da firji

Dogon ƙwan nan fari da wanda yake a murɗe suna ɗauke da zaiba. Kaɗan ce, amma da ƙwan ya fashe sai ta zama tururin da ba a gani, a shaƙa. Naɗe mataccen a takarda ko mayar da shi kwalinsa, kada a ba yara su yi takobi da shi. In ya fashe a ɗaki, kowa ya fita, a buɗe tagogi, a kashe fanka, a jira minti 15. Kada a sa tsintsiya, don watsa garin take yi. Da kwali biyu za a kwashe manyan gutsattsari, a bi ƙanana da salatif, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, a haɗa duka har tsumman a kwalba mai murfi. In za ka sayi sabo, sayi na LED. Ba shi da zaiba, ya kuma fi daɗewa.

Tsohuwar talabijin mai tudun baya da allon kwamfuta irinta, gilashinsu na ciki haɗe yake da dalma, a manya yakan wuce kilo ɗaya. Masu fasa su jan ƙarfen da ke naɗe a wuyan kwalbar suke nema, sai su bar gilashin a warwatse. Kada ka buɗe ta a gida ko don sha'awa: tana riƙe wuta mai ƙarfi bayan an cire ta daga soket, kwalbar kuma in ta fashe tarwatsewa take yi.

Firji da na'urar sanyaya ɗaki, iskar cikinsu ce abin lura. Ta tsofaffi tana lalata rufin sararin sama da ke tare mana zafin hasken rana, shi ya sa duniya ta amince a daina yin ta tun yarjejeniyar Montreal ta 1987. Ta sababbin firji da yawa kuma tana kama wuta. Don haka kada a sare bututun da adda. A ba mai gyaran firji, shi ya san abin da zai ɗauka. Kafin a ajiye mataccen firji a tsakar gida, a cire ƙofarsa ko a ɗaure ta da igiya, saboda yara masu wasan ɓuya.

Mataki na shida: hannun wa zai shiga?

Dokar nan akwai ta, kuma tana da tarihi. A 1988 aka gano an jibge dubban gangunan guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu, abin da ya sa Najeriya ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba a shekarar. Yarjejeniyar Basel ta biyo baya a 1989, ƙasashen Afirka kuma suka yi tasu a Bamako a 1991. Hukumar NESREA mai kula da bin dokokin muhalli a Najeriya, da aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin kayan lantarki a 2011, aka sabunta su a 2022. Jigonsu shi ne, wanda ya ƙera ko ya shigo da kaya yana da alhakin ɗaukar nauyin tattara su in sun mutu. Don haka aka kafa EPRON, ƙungiyar masu ƙerawa da masu shigo da kayan, a 2018, akwai kuma kamfanonin sarrafawa masu rajista irin su Hinckley da E-Terra a Legas.

Ofis, makaranta, asibiti ko banki da ke da ɗaki cike da matattun kwamfutoci ba shi da uzurin yin gwanjonsu ga duk wanda ya zo. A rubuta jerin kayan, a tuntuɓi ofishin NESREA na jiha a nemi sunayen masu rajista, a kuma karɓi takardar shaidar cewa an sarrafa su.

Magidanci mai caja biyar da waya biyu kuwa, kamfanin Legas ba zai taso dominsa ba. Shi ya sa na fi son a haɗa kai. A yi magana da mai unguwa ko kwamitin masallaci, a ware rana ɗaya duk wata uku ko shida, kowa ya kawo nasa, batura a gefe guda, sauran a gefe guda. Kaya in sun taru suna da daraja, babban dillali zai zo da kansa, ku kuma kuna da bakin gindaya sharaɗi. Kuɗin a sa a gyaran famfo ko kwata. Mai neman ranar farawa, 14 ga Oktoba ita ce ranar sharar lantarki ta duniya.

Ko dillali ne ko baban bola, yi masa tambaya uku cikin mutunci: ina kake kai su, ƙona wayar wuta kuke yi ko fiɗa, batirin a nan ake fasawa ko a cike ake lodawa? Amsarsa za ta nuna maka. In ka sami mai yi da kyau, riƙe shi, ka gaya wa maƙwabta.

Mataki na bakwai: ga ɗan'uwa mai sana'ar jari bola

Sana'arka halal ce, kuma ba don kai ba da garuruwanmu sun nutse a tarkace. Maganata a kan lafiyarka ce da ta iyalinka.

Ƙona wayar wuta don a fitar da jan ƙarfe shi ne mafi munin abin da ake yi a wannan harka. Robar da ke jikin waya in ta ƙone tana fitar da guba mai suna dayoksin, wadda ke sauka a ƙasa ta shiga jikin dabba ta zauna a kitse. A Agbogbloshie da ke Accra, inda matasa da yawa daga arewacin Gana suka yi shekaru suna wannan aiki, an gwada ƙwan kajin da ke kiwo a filin, rahoton da ya fito a 2019 ya nuna ƙwai ɗaya na ɗauke da dayoksin ninki 220 na abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka a rana. Ka tuna kajinmu da awakinmu a sake suke kiwo. Hukuma ta rushe wurin a Yulin 2021, amma rusau bai kashe wutar ba, watsa ta ya yi zuwa wasu unguwanni.

Waya mai kauri fiɗe ta ake yi. Shanya ta a rana robar ta yi laushi, kafa wuƙa a jikin katako, ja wayar ta tsage. Jan ƙarfen da aka fiɗe yana fita da ƙyallinsa, ya fi ƙonanne kuɗi a sikeli, robar ma akwai masu sayenta. In kuna da ƙungiya, ku haɗa kuɗi ku sayi injin fiɗa. Sirara da ba sa fiɗuwa a sayar da su haka nan ga masu injin niƙa.

Koren allon cikin na'ura, wanda kuka fi sani da fanel, gaskiya ne akwai zinariya a jikinsa. Amma gasa shi a kan garwashi ko jiƙa shi a asid huhunka yake ci, abin da za ka samu kuma bai kai abin da za ka zubar ba. Ware shi iri-iri, na waya daban, na kwamfuta daban, na talabijin daban, ka sayar a haka. Mai warewa ya fi mai haɗawa samun farashi.

Sa safar hannu da takalmi rufaffe. Kada ka ci abinci, goro ko ka sha shayi a wurin aiki sai ka wanke hannu da sabulu. Kayan aiki su kwana a wurin aiki, ka yi wanka ka canza kafin ka ɗauki ɗanka, kada kuma a haɗa wankinsu da na iyali. Madarar gwangwani da ake sha bayan an shaƙi hayaƙi ba ta wanke komai daga ƙirji. Yara ƙanana da almajirai kuma a raba su da fasa kaya da wurin ƙona. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar fiye da na babba. Mai ciki ma kada ta kusanci wurin, don dalma na ratsawa ta kai ga ɗan tayi.

Mataki na takwas: in an riga an yi ɓarnar

Wataƙila kana karanta wannan alhali an daɗe ana fasa batir ko ƙona waya a gidanku ko kusa da shi. A dakatar da aikin tukuna. Wurin da aka yi shi, a hana yara wasa a kai, kada a shuka alayyahu ko zogale a wurin, kada kaji su yi tono. A Zamfara abin da aka yi shi ne kankare saman ƙasar gidaje, a kwashe zuwa ramin da aka tanada nesa da gari, a zubo sabuwa mai tsafta. In wurin ƙarami ne, a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare, a ɗure a buhu, a rufe wurin da sabuwar ƙasa ko siminti. In babba ne, a kai maganar ma'aikatar muhalli ta jiha. A cikin ɗaki a riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara a bushe, a yawaita wanke hannun yara, musamman masu rarrafe.

Gubar dalma ba ta cika nuna kanta da wuri ba. Yaro na iya yin shekaru da ita, sai dai a ga karatu ya ƙi shiga, a yi ta dukansa a banza. In ta yi yawa akan ga ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, kasala, amai, har da farfaɗiya, waɗanda sau da yawa ake ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko iskokai. Gwajin jini ne kaɗai ke tabbatarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiya, kuma in ya kai maikirogiram 5 a desilita ɗaya dole a nemo inda take fitowa a toshe. Abinci mai gina jini da ƙashi, irin su wake, hanta, kifi, nono da ganye, yana rage yadda jiki ke tsotse ta, amma ba ya fitar da wadda ta riga ta shiga. Maganin da ke fitar da ita a asibiti ake bayarwa, ƙarƙashin kulawar likita.

In kun je asibitin, kada ku tsaya a kan "ciki ne ke damunsa". Ku gaya wa likita sana'ar uban yaron, ku ce ana fasa batir ko ƙona waya kusa da gida, tun yaushe, kuma yara nawa ne ke wasa a wurin. Ku roƙi a yi gwajin dalma a jini, in babu a nan a tura ku asibitin koyarwa mafi kusa. In an sami ɗaya da ita, a kai sauran yaran gidan da mai ciki su ma a gwada su.